Nonon da Tururuwa Ta Yanke wa Hukunci

Da sunan Allah na ɗauki alƙalamin nan, amma ba zan ɓoye ba, da fushi nake rubutu. Jikata Ummi tana zaune a gabana a kan tabarma tana wasa da murfin kwano. Ta shiga shekara ta huɗu. Sa'o'inta suna waje suna tsere, ita kuwa sai ta dafa bango take miƙewa. Tana raye, alhamdu lillahi. Sai dai abin da ya same ta ba daga sama ya faɗo ba, da hannun mutane aka yi shi. Ina so duk mai jariri a gida, daga nan Gubuchi har Ikara da Kudan, ya ji yadda aka yi.

Ni tsohon direban babbar mota ne. Na kai shanu Kumasi na dawo da goro, na kwana a tashoshin Abijan da Garwa da Njamena, na yi zama a Hartum kan hanyar Makka. A yawon nan na tsinci Filatanci da Larabci da Turanci da Faransancin tasha. Na faɗi wannan ne don idan na ce ban taɓa ganin abu kaza a ko'ina ba, a san na leƙa wurare da dama.

Ɗana Habibu malamin firamare ne a Janfalan. Matarsa Rabi 'yar Kudan ce, marainiya, ba ta da uwar da za ta koma wajenta goyon ciki. Saboda haka a gidana ta haihu, a gidana ta yi wankan jego, a hannun yayata Dije. Yaya Dije ita ce ungozomar unguwarmu, kuma ita ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗan da rabin gari ke saye. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Har yau da furfurata, idan ta kira sunana sai na ji gabana ya faɗi. Jaririyar aka sa mata sunan mahaifiyarmu, shi ya sa muke ce mata Ummi. Ni kuwa amaryata nake kiran ta, kamar yadda kakanni kan tsokani jikoki.

Ranar suna yarinyar nan ɓul-ɓul take, gashinta baƙi wuluk, idan ta kama yatsanka sai ka yi da gaske ka ƙwace. Bayan suna na tafi Garwa ta'aziyyar wani tsohon abokina. Ina can sojoji suka rufe iyakoki, dawowa ta zama aiki, na yi fiye da wata a can. Da na shigo gida, abin da na fara gani shi ne Yaya Dije a tsakar gida da Ummi a cinya, tana ɗura mata madara da bulumboti. Rabi tana bakin murhu, an ɗaure mata ƙirji da zane tamau.

Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, lafiya? Me ya sami uwar?"

Ta ce, "Nononta ba shi da kyau."

"Wane likita ya faɗa?"

"Likita? Tururuwa ta faɗa. Kai da ka san ko'ina ban da gidanku."

Ga wanda bai sani ba, haka tsofaffinmu ke yi. Idan jariri ya yawaita kuka ko kashinsa ya yi ruwa, sai a tatsi nonon uwar a ɗan ƙoƙo, a kamo tururuwa a jefa ciki. In ta yi iyo ta fita, nono lafiyayye ne. In ta nutse, an ce nonon yana da dafi, sai a raba yaro da shi. Ummi ta yi 'yan kwanaki tana kuka da yamma, irin kukan da kowane jariri ke yi. Aka gwada. Tururuwa ta nutse. Aka sake kamo wata, ita ma ta nutse. A gaban matan unguwa aka yi, magana ta ƙare.

Rabi ba ta ce uffan ba. Ta yaya za ta ce? Ummi 'yar farinta ce, kunya ba ta bari ko sunan yarinyar ta kama ba, balle ta yi musu a kanta da tsohuwar da ta yanke wa mijinta cibiya. Na zauna da Fulani a Garwa, na zauna da Larabawan Sudan, na ga matan Asante suna shayarwa a tsakiyar kasuwa. Kowa da camfinsa. Amma ban taɓa ganin inda aka naɗa ƙwaro alƙali a kan abincin jariri ba sai a gidanmu. Na yi faɗa iyakar yadda ƙane zai yi wa yayarsa. Ta ce nonon ya riga ya ƙafe, faɗan me kuma? Na duba yarinya, lokacin tana nan da ƙibarta, domin gwangwanayen madarar da aka fara saya mata na gaskiya ne. Na haɗiye.

Sai madarar jarirai ta ɓace daga kasuwa.

Waɗanda suka rayu a shekarun nan na tsuke bakin aljihu sun san abin da nake nufi. Rediyo kullum tana cewa mu yi haƙuri, mu yi ɗa'a, mu bi layi. Shinkafa layi, sabulu layi, sukari layi. Habibu an yi watanni ba a biya su albashi ba, ga shi ba ya iya barin aji, don haka ni na zama mai bin layi. Na bi a Ikara, na bi a Makarfi. A ɗaya daga ciki na tsaya tun hantsi har rana ta take tsaka, ina kallon wani soja, yaro sa'an ɗana, yana sa magidanci tsallen kwaɗo don ya fita layi ya kama ruwa. Da na iso bakin taga, mai rabo ya ce, "Baba, ta jarirai ta ƙare. Akwai sabulu." Ni kuwa da idona na ga katan-katan ana lodawa a wata a-kori-kura ta bayan shago. Sojan da bulalarsa ya juya wa motar baya, mu yake tsaro.

Na ce, "Yaro, sabulun zan dama mata?"

Ya ce, "Baba, matsa, akwai mutane a bayanka."

Na taɓa ganin irin wannan layi a Akara, shekarun da nasu sojojin suka kwashe kasuwa. A lokacin har dariya muke yi musu a tasha, muna cewa mu ƙasarmu mai arzikin fetur ba za ta ga haka ba. Allah Ya yafe mana wannan dariya.

Ana cikin haka Habibu ya dawo wata ranar kasuwa yana murna, da gwangwani biyu a jaka. Ya samo wani mai kemis, ba zan faɗi sunansa ko garinsa ba, wanda kullum yana da ita, kuma da sauƙin kuɗi. Gwangwanin shi ne dai wanda muka saba, da hoton jaririn Bature mai kumatu, har da ɗan cokalin awo a ciki. Yaya Dije ta ce ita ba ta yarda da kayan kemis ba sai ta gwada. Ta dama kaɗan a ƙoƙonta, ta jefa tururuwa. Tururuwa ta yi iyo ta haye baki ta yi tafiyarta. Yaya ta ce, "Kun gani? Wannan ita ce madara."

Makonnin farko abin da muka lura shi ne yarinya ba ta ƙoshi. Ta shanye bulumboti tas, kafin a wanke shi ta fara kuka. Matan gida suka ce ci ne da ita, ta gado kakanta. Na yi dariya, na ce amaryata za ta talauta ni tun ba a ɗaura ba. Daga nan sai zawo, yau ya tsaya gobe ya dawo. Sai kumatun suka fara zubewa. Wajen wata na biyu da fara madarar kemis, fatarta ta bushe ta fara saɓa, kamar maciji yana tuɓe riga, tun daga wuya har matsematsi. Duk inda fatar ta tsage ba ya warkewa. Gashin nan baƙi ya koma ja, ya yi laushi, kana shafa kanta yana biyo hannunka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne idonta. Da, in na shigo na ce, "Ina amaryata?" sai ta juyo tana wutsil-wutsil da ƙafa. Yanzu sai ta kalli wajen da nake kamar tana kallon bango. Ɗan maƙwabcinmu da aka haifa mako guda da ita ya fara zama, ita ko wuyanta ba ta riƙe ba.

Masu ba da shawara kuwa, Allah Ya ba su lada, ba su gajiya. Wannan ta ce haƙori ne. Waccan ta ce ciwon shawara ne, a jiƙa saiwa. Wani ya ce bakin mutane ne, tun ranar suna aka yi ta yaba ƙibarta. Aka karɓo rubutu, aka yi turare, aka ɗaura laya. Wata ƙanwar kakar Rabi ta taso takanas daga Kudan ta ce ai dafin nonon uwar ne bai gama fita daga jikin yarinyar ba. A gaban Rabi ta faɗa. Na ga Rabi ta sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a kan tsintsiyar da ke hannunta. Duk cikinsu babu wanda ya kalli gwangwani. Yaya za a zarge shi? Da tsada aka saye shi, da hoton Bature a jiki, kuma tururuwa ta wanke shi.

Ranar da na dawo daga masallaci na tarar da wanzami a zaure yana wasa aska, an ce zai sake duba belin yarinya, ranar na daina kunyar kowa. Na ce masa, "Sarkin aska, mayar da kayanka zabira. Ga goronka, ka gaida gida." Yaya Dije ta leƙo ta ce, "Yau kuma ni za ka nuna wa ka je Makka?" Na ce, "Yaya, ki yafe ni, amma jinin da ya rage a jikin yarinyar nan bai kai a zubar ba." Na sa Rabi ta goya ta, muka nufi ƙaramin asibitin da ya fi kusa da mu.

Asibiti sunansa asibiti. Kantar magani wayam, sai kwalabe da ƙura. Sikelin awon jarirai ya lalace, an ɗora masa tulun ruwa. Mun yi rabin yini a benci kafin a kira mu, mai duba mu bai ko buɗe zanen goyon sosai ba ya rubuta maganin zawo, ya ce mu saya a waje. Wajen wa? Wajen mai kemis ɗin nan dai. Muka saya, muka ba ta mako guda, ba abin da ya sauya.

Komawarmu ta biyu ce Allah Ya haɗa mu da Sista Rahila. Nas ce, Kirista, 'yar kudancin Kaduna, Hausarta da ɗan karkace amma zuciyarta a miƙe take. Ita ta kwance yarinyar tsirara, ta duba ta gaba da baya, ta ce, "Wayyo, Mama ƙarama, wa ya yi miki haka?" Ta juya ga Rabi. "Kina ba ta nono?"

Na ba da labarin tururuwa. Sista ta riƙe haɓa. Sannan ta tambayi Habibu, wanda ya biyo mu ranar, inda yake sayen madara da yadda yake saye. Ya ce ai mutumin kirki ne, har ragi yake yi masa in ya mayar da tsohon gwangwani.

Na ce, "In ka mayar da me?"

"Gwangwanin, Baba. Kamar kwalbar lemo."

Na sayi madara a ƙasashe da yawa, ban taɓa jin inda kamfani ke karɓar tsohon gwangwani ba. Na ce, "Habibu, in ka buɗe murfin, akwai wata farar takarda mai ƙyalli da aka liƙe bakin da ita?" Ya ce na farkon dai suna da ita. Waɗannan kuwa mai kemis ya ce 'yan kwastan ne ke farkewa a kan iyaka don bincike.

Sista ta ce, "Baba, gobe-gobe ku kai ta Zariya, ku tafi da gwangwanin. Ke kuma ƙanwata, kwance zanen nan daga ƙirjinki. Tun daga yau ki riƙa sa ta a nono, ko babu komai ta tsotsa. Nono yana jin kira."

A Zariya mun sha layin kati, mun sha layin ganin likita, har na fara tunanin a benci za ta cika. Likitan da ya gan mu saurayi ne, idonsa ja don gajiya, ɗalibai sun kewaye shi. Ya duba fatar, ya ɗaga hannunta ya saki ya faɗi yaraf. Ya buɗe gwangwanin, ya ɗanɗana garin, ya dama kaɗan a kofi ya ɗaga wajen haske. Sai ya juya ga ɗalibansa yana yi musu bayani da Turanci a kan jikata, kamar ba ma wurin. Wata kalma ya yi ta maimaitawa, fati asid, fati asid. Har na mutu ba zan manta da ita ba. Na bari ya kai aya, na ce masa da Turancin, likita, mu ma a gaya mana, tamu ce.

Ya ɗan ji kunya, ya jawo kujera ya zauna, ya koma Hausa. Wannan na gode masa.

Ya ce, "Baba, ƙwaƙwalwar jariri da idonsa da fatarsa, da mai ake gina su. Akwai wani irin mai da jiki ba ya iya ƙera wa kansa, sai an ba shi a abinci. Nonon uwa cike yake da shi. Madarar jarirai ta gaskiya, masu yin ta da gangan suke zuba shi a ciki. Wannan kuwa an kwashe man da ke cikinta kaf, ba a mayar da komai ba. Ta masu burodi ce. Babba zai sha ya tashi lafiya, jariri kuwa cikinsa zai cika alhali yunwa na cin sa."

Na ce, "Wato tsala."

Ya ce, "Na'am?"

"Nonon da Bafillatana ta kaɗa ta kwashe man shanunsa. Tsala muke ba ta wata da watanni, a gwangwani mai hoton Bature."

Ya ce, "Haka ne, Baba. Tsala ce busasshiya."

Na tambaye shi ko za ta warke. Ya ce fatar za ta warke, gashi zai dawo, nama zai dawo. Na ce kan fa? Ya kalli ƙasa. Ya ce watannin nan su ne lokacin da kan yaro ya fi gini, abin da aka rasa wani yana dawowa wani ba ya dawowa, sai dai a yi ta yi mata wasa da magana, a bar wa Allah sauran.

An kwantar da mu kusan wata guda. Ba zan lissafa abin da muka kashe ba, kowa ya san asibitin zamanin nan, gado kawai gwamnati ke bayarwa. Allura mu, auduga mu, ruwan da ake ƙara mata mu, har kananzir na fitilar ɗakin karo-karo muke yi da sauran masu jinya. Madara ta gaskiya mai liƙaƙƙen baki sai a wani babban kanti a Sabon Gari, da kuɗin da in ka ji sai ka zauna. Ragon da nake kiwo don layya ya tafi. Keken Habibu ya tafi, ya koma zuwa Janfalan a ƙafa. Rakena na fadama na sayar da shi tun yana tsaye bai nuna ba, mai sayen ya san ina cikin matsi, ya yi mini yankan da ya ga dama. Amma a ɗakin nan na ga alheri. Wata Bayarabiya da ɗanta ke gadon kusa da mu kullum sai ta raba abincinta da Rabi, tana cewa mai shayarwa ba ta zama da yunwa, alhali lokacin ko ɗigo bai zo ba.

Yaya Dije ta biyo mu a mako na biyu, da tabarmarta da butarta, ba wanda ya kira ta. Ta tarar da Rabi ta sa yarinya a ƙirji, nas tana ɗiga madara da cokali a kan nonon don Ummi ta ji daɗin tsotsa. Yaya ta ce, "Me nake gani? Nonon da aka gwada? Cire ta!" Ta miƙa hannu.

Rabi, yarinyar da ban taɓa jin muryarta ta wuce raɗa ba, ta rungume 'yarta ta ɗago kai. Ta ce, "Inna, Ummi tawa ce. Ni na haife ta. In nonona zai kashe ta, gara ta mutu a ƙirjina da ta mutu a bakin gwangwani."

Ta kama sunan 'yar fari, a gaban surukinta, a gaban ɗaki cike da mutane. Yaya ta janye hannunta kamar ta taɓa garwashi. Ta shimfiɗa tabarmarta a gefen gado ta zauna.

Likita ya ce a riƙa ƙara ɗan man gyaɗa mai tsabta a abin da ake ba ta, da awon da shi ya yanka, a kuma shafe fatar da shi. Kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗura wa jariri mai da kansa, a nemi likita. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, duk watannin nan da jikata ke bushewa, tulunan man gyaɗa suna jere a ɗakin Yaya, taku kaɗan daga inda take kwance. Yaya ta aika gida aka kawo wanda ta matse da hannunta. Ita ke shafa mata safe da yamma, tana yi tana magana ƙasa-ƙasa da sunan mahaifiyarmu.

A mako na uku fatar ta fara laushi. Ana gab da sallamar mu nonon Rabi ya dawo, da farko ɗigo-ɗigo, daga baya har yana jiƙa mata riga. Sista Rahila ta yi gaskiya, yana jin kira. Bayan mun koma gida ma ba ta bar mu ba, duk ranar kasuwa sai ta biyo da ɗan sikelin da ta aro, ta rataye Ummi a reshen dalbejiya ta auna. Ko kwabo ba ta taɓa karɓa ba, sai ƙuli-ƙuli. Allah Ya saka mata, Ya raya nata 'ya'yan.

Na je wajen mai kemis. Ya tarbe ni da fara'a, "Alhaji, sannu da zuwa, ya mai jiki?" Na wuce shi na ɗaga labulen bayan kantarsa. Ga buhu a jingine, ga tsofaffin gwangwanaye an wanke an kife. A jikin buhun an rubuta da Faransanci da manyan baƙaƙe cewa kada a ba jarirai. Na karanta masa, na fassara masa.

Ya ce, "Alhaji, ni ina na iya Faransanci? Madara ai madara ce. Da ban sayar ba, da me yaran za su sha? Gwamnati ta kawo ne?"

Na ce, "Naka ɗan ita yake sha?"

Ya ce, "Nawa uwarsa ke ba shi."

Na kai ƙara inda ake kai ƙara. Aka ce in kawo kuɗin takarda, na kawo. Aka ce in kawo kuɗin man mota, na kawo. Aka ɗauke shi da hantsi, kafin la'asar yana kantinsa yana shan lemo. A Hartum na ga an rufe shagon mutum don ya zuba wa madara ruwa. A nan, sojojin da ke zane dattijo don ya karkace a layi ba su ga buhun nan ba. Abin da na iya kawai shi ne na tsaya a ƙofar masallacin Juma'a, mako bayan mako, da gwangwanin a hannu, ina nuna wa magidanta bakin da ba liƙi. Wasu sun ji. Wasu sun ce tsufa ya fara taɓa direba. Jarirai nawa suka sha buhun nan kafin tawa da bayanta, ban sani ba, kuma rashin sanin yana hana ni sukuni.

Saura Yaya. Wata safiya na sa Rabi ta tatso nononta a ƙoƙo, na dama ragowar madarar kemis a wani, na ajiye su a gabanta ba tare da na gaya mata wanne ne wanne ba. Na ce, "Yaya, a gwada mana." Ta harare ni, amma ta kamo tururuwa biyu. Ta cikin tsalar ta yi iyo ta fita abinta. Ta cikin nonon Rabi ta yi ta fama, kaurin da maiƙon suka riƙe mata ƙafafu, ta nutse.

Na ce, "Wanda ya nutsar da ita shi ne ya tayar da Ummi. Man da yarinya ke bukata shi ne ke kama ƙafar tururuwa. Shekara nawa kina kayar da nono mai kyau?"

Ta daɗe tana kallon ƙoƙunan. Na ga leɓenta yana motsi, na gane sunayen jariran da ta raba da nono take kirgawa.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. Kada a raba jariri da nonon uwarsa don maganar tsohuwa ko ta ƙwaro, sai likita ya gani. In dole ta sa a sayi gwangwani, a duba liƙin bakinsa, kuma duk wanda ya ce a dawo masa da tsoho, a guje shi. In yaro yana sha ba ya ƙoshi, fata na saɓa, gashi na ja, a tafi asibiti da shi da abin da yake sha.

Bara Rabi ta sake haihuwa, namiji. Kwana kaɗan ya fara kukan yamma, matan unguwa suka taru suka ce a kira Inna Dije ta gwada. Na taso daga zaure da sandata, na yi niyyar ranar ko ni ko ƙoƙon nan. Yaya ta wuce ni ta shiga ɗakin mai jego ita kaɗai, ta saki labule. Jim kaɗan ta fito ta ɗaga ƙoƙo sama ta ce, "Ta haye! Nono lafiya lau. A ba shi ya sha har ya ture."

Mata suka yi guɗa suka watse. Ni kuwa ina tsaye kusa da taga, na ga komai. Na matsa kusa da ita na ce, "Yaya, ban ga kin kamo tururuwa ba."

Ta ce, "Ta tafi Kumasi sayen goro. Rufe mini baki."

Tun daga ranar, a unguwarmu nonon kowace mace aka gwada, tururuwa hayewa take yi. Mai kemis ya sayi sabon babur. Ni ban huce ba, kuma ba na jin zan huce. Amma yanzu da nake rufe wannan rubutu, na ce, "Ina amaryata?" sai ta saki bangon, ta yi taku uku zuwa gare ni kafin ta faɗo a cinyata. Allah Ka ƙara mata na huɗu, Ka tsare na wasu.